Motar Taka Ce, Hanyar Kuwa Ta Jama'a Ce

Ɗan kawuna ya iso Gadarif a watan Disamba na 2023, cikin makon da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF. Gudunsa na biyu ke nan, domin tun a watan Afrilu, da yaƙi ya ɓarke a Khartum, ya bar gidansa da shagonsa ya koma Madani. Abin da ya tsira da shi shi ne matarsa da 'yarsa da jaka biyu, sai kuma mota. Motar ba irin wadda ake gudun hijira da ita ba ce. Ja ce, ƙirar Japan, mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, irin wadda samari ke kira motar tsere. Da gumin shekara shida a Saudiyya ya saye ta. Ranar da ta shigo unguwarmu yara suka yi ta bin ta a guje, dattawa kuma suna murmushi, don sun san abin da baƙar ƙasar Gadarif za ta yi mata idan damina ta sauka. A garin da ake auna darajar mota da yawan buhunan dawar da za ta ɗauka, wannan ba ta da abin faɗi.

Bai taɓa kai ta gareji ba. Kuɗi sun yi masa ƙaranci, bai san makanikan garin ba, sannan kuma, in za a faɗi gaskiya, yana kishinta. Ita ce kaɗai abin da ya rage masa na rayuwarsa ta da, ba ya son hannun kowa a jikinta. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jingina wayarsa da bulo, ya kunna bidiyon wani Bature a YouTube, ya shiga aiki. Shi yake yi mata juye, ya canja matatar mai, ya duba fulogi, ya kakkaɓe matatar iska, wadda ƙurar rani ke toshewa cikin 'yan makonni. Yana da wata 'yar na'ura da ba ta kai akwatin ashana biyu ba, yana soka ta a ƙarƙashin sitiyari ta riƙa turo masa ciwon injin cikin waya. Ni aikina riƙe tocila da miƙa sifana. Abin ya burge ni har na kai shi gidan rediyo: a wani shirin safe na ba da labarinsa ba tare da na kama suna ba, na ce wa masu sauraro ga irin matashin da wannan zamani ke bukata, wanda ba ya jiran kowa.

Har yau ina tsaye a kan rabin wannan yabo. Gadarif kanta da hannun masu gyaran kayansu aka gina ta. Tun tsakiyar shekarun 1940, da Turawan Ingila suka fara noman dawa da tarakta a yankin Gadambaliya, arzikin garin ya rataya a kan inji. Gonakin suna da faɗi, wata ta kai eka dubu, kuma suna nesa da gari. Da ruwa ya zauna, hanya sai ta koma taɓo mai kama ƙafa, mota ba ta shiga ba ta fita. Direban taraktan da injinsa ya tsaya a tsakiyar shuka ba shi da wanda zai kira. Ko dai ya kwance famfon mai da kansa a gindin bishiya, ko kuma kwanakin shuka su wuce, shekara ta tafi a banza. Haka nan lokacin yankan riɗi, wanda in an yi jinkiri kwansonsa ke fashewa ya zube a ƙasa. Yawancin 'yan'uwanmu Hausawa da suka yi aikin waɗannan gonaki, jikokin waɗanda suka taho da ƙafa kan hanyar Makka ko suka biyo hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, a haka suka koyi inji, babu aji babu allo.

Ga kuma tsohuwar lorin nan Bedford, wadda mutanen Sudan ke kira Sifinja. A Ingila aka ƙera ta, kamfanin kuma ya daina yin manyan motoci tun shekarun 1980, amma har yanzu tana ɗaukar dawa da mutane a hanyoyin da babu kwalta. Makanikan Sudan ne suka kwance ta, suka ƙara mata tsawon ƙashin baya, suka ƙarfafa sifirin, suka sa ta ɗaukar kayan da masu ƙera ta ba su yi mafarki ba. Har daga Jamus masana sun zo nazarin wannan aiki. Da sun tsaya jiran izinin kamfani, da tuni tsatsa ta cinye ta.

Kuma wannan 'yanci ba ƙaramin abu ba ne, tunda a ƙasashen da ake ƙera injinan ma sai da aka yi rigima a kansa. Manoman Amurka sun daɗe suna kukan cewa taraktan John Deere na zamani suna da kwamfuta a ciki, wadda ba mai iya buɗe ta sai wakilin kamfani, ta yadda mutum zai sayi tarakta da kuɗinsa amma ba shi da ikon gyara ta. Sai a watan Janairu na 2023 kamfanin ya sa hannu a wata yarjejeniya da babbar ƙungiyar manoman ƙasar cewa zai ba su damar samun kayan binciken. Jihar Massachusetts kuwa tun 2012 ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanonin mota su buɗe wa masu mota da ƙananan gareji bayanan gyara. Mutumin da bai san cikin abinsa ba, kuma an hana shi ya sani, ɗan haya ne ko da takardun suna ɗauke da sunansa. Yaƙin nan ma ya koya mana haka da zafi: da Khartum ta rufe, kayan gyara suka yi wuya, wanda ya iya taɓa injinsa shi ne ya ci gaba da tafiya.

To, wannan duka gaskiya ne. Ga abin da ya faru wata Juma'a cikin bazara.

Birkin motar ya fara ƙara, ɗan kawuna ya samo sababbin takalman birki na gaba, ya ce yau su za mu sa. Birkin irin wannan mota da mai yake aiki. Idan ka taka, man birki ne ke bi ta siraran bututu ya tura wani ƙarfe mai kamar ƙoƙo da ake kira fistin, shi kuma ya matse takalmi a jikin faifan da ke juyawa tare da taya. Sabon takalmi ya fi tsoho kauri, saboda haka kafin ya shiga sai an danna fistin ya koma ciki. Duk ya yi wannan daidai, yana bin bidiyo daki-daki. Da Baturen ya fara mayar da taya, sai ya kashe wayar, ya ce, "Yaya, an gama. Buɗe mini ƙofa in ɗan gwada ta."

Abin da bai sani ba, ni ma ban sani ba, shi ne bayan an mayar da fistin ciki akwai tazara tsakaninsa da takalmi. Wajibi ne a zauna cikin mota tana tsaye, a yi ta taka birki har sai ya yi tauri a ƙafa. In ba a yi haka ba, takun farko zai tafi har ƙasa bai kama komai ba. Ƙofar gidanmu tana da ɗan gangare. Ya fito da baya, daidai lokacin da wani yaro ɗan shekara goma sha biyu ke wucewa da karo, wato amalanken jaki mai ɗauke da gangar ruwa, irin wanda wasu unguwannin Gadarif ke sha daga gare shi. Na ga fitilar birki ta kama, amma motar ba ta tsaya ba. Gudun bai kai na mai keke ba, duk da haka ta daki karon, ganga ta kife, yaron ya faɗo a kan hannunsa ya gurɗe, jakin kuma ƙafarsa ta baya ta karye. Da daddare muka sake kunna bidiyon daga inda ya tsayar. Bai fi rabin minti ya rage ba, kuma a cikinsa ne mutumin ya ce kada a kuskura a motsa mota sai an taka birki ya yi tauri.

Tun daga ranar nake juya tambaya ɗaya a raina: ina iyakar ikon mutum a kan abin da ya mallaka? Mun saba cewa mai abu shi ke da abinsa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ɗan kawuna ya zuba bakin mai da bai dace ba injin ya buga, aljihunsa ne zai yi kuka. Idan ya ɗaure fulogi ba daidai ba mota ta ƙi tashi, shi zai tafi da ƙafa. A irin wannan ba wanda ya isa ya hana shi, kuma kuskuren ma makaranta ne, shi ya biya kuɗinta. Amma birki da sitiyari da notin taya ba don mai mota kaɗai aka yi su ba. An yi su ne don wanda ke gabanta da wanda ke bayanta. Mai mota yana cikin ƙarfe, ya ɗaura bel, kuma shi ya zaɓi ya yi kasada. Yaron karo ba wanda ya shawarce shi. Yana cikin neman abincinsa aka mayar da shi abin gwaji.

Malamanmu na da sun ga wannan tun kafin a ƙirƙiri mota. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure zai tuna cewa a mazhabar Malikiyya abin da dabba ta taka a hanya alhakinsa na kan mai hawanta ko mai janta ko mai korarta. Ba a tambayar ko ya yi niyya, domin ramuwar ɓarna ba ta jiran niyya. Shi ya fito da ita cikin mutane, shi ya ɗauki nauyin tsare su daga gare ta. Haka kuma mazhabar ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su suka tafi da su, don kada dukiyar jama'a ta salwanta a hannunsu. Ka haɗa hukuncin nan biyu, mai karatu, ka ga matsayin wanda ya gyara birkinsa da kansa. Shi ne mai sana'ar, shi ne mai hawan. Bai rage wa kansa nauyi ba da ya ƙi zuwa gareji, nauyi biyu ya haɗa ya ɗora a kai ɗaya.

Na san abin da wani zai ce, domin ɗan kawuna ya faɗe shi a daren cikin ɓacin rai. Su makanikan ba sa kuskure ne? Nawa daga cikinsu ke da takardar shaida? Ba mu sha jin wanda aka cire masa kaya mai kyau aka sa masa jabu ba, ko wanda tayarsa ta fice a hanyar Kasala kwana ɗaya bayan fitowa daga gareji? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba zan ce duk mai riƙe da sifana a bakin titi amintacce ne ba. Akwai mai motar da ya fi wani makanike kula, don shi ransa ne a ciki. In da takarda ce ke raba gwani da ɗan koyo, da waɗanda suka rayar da Sifinja ba su cancanci taɓa ko keke ba.

Amsar da ta gamsar da ni ba daga littafi na same ta ba. Washegari aka zauna judiyya, wato sulhun dattawa kamar yadda ake yi a nan Sudan, a ƙofar gidan mai unguwa. Cikin waɗanda suka zauna har da wani tsohon makanike maƙwabcinmu, wanda ya shekara arba'in a ƙarƙashin lori, kowa Usta yake ce masa. Na zaci zai yi amfani da damar ya rama raina sana'arsu da aka yi. Sai ya dubi ɗan kawuna ya ce, "Ɗana, ni ban ga laifinka don ka kwance birki ba. Ni ma a kan birkin mutane na koya. Amma ni akwai wanda ke tsaye a kaina. Wannan kuskuren naka na yi shi ina ɗan shekara goma sha huɗu, kafin in sa giya maigidana ya finciko ni daga kujera ya kwaɗa mini mari. Har yau in na sa takalmi, ƙafata ce ke tunawa kafin kaina."

A nan bambancin yake. Bidiyo yana nuna maka yadda aiki ke tafiya idan komai ya tafi daidai, kuma kai ke da ikon tsayar da shi duk lokacin da ka ga dama. Ba ya ganin ka. Ba zai ce maka jak ɗin nan da ka kafa a kan ƙasa mai laushi zai nutse ba, ko kada ka shiga ƙarƙashin mota sai ka tokare ta da abin da ya fi jak. Ba zai ji warin man birkin da ya tsufa ya sha danshi ba. Abin da yaron gareji ke samu a shekarunsa na wanke noti da kananzir shi ne tarin kurakuran da wasu suka riga suka yi, waɗanda aka biya kuɗinsu tuntuni, wasu da yatsu wasu da rayuka. Usta ba ya fin ɗan kawuna basira. Ya fi shi sanin inda abu ke ɓaci, kuma yana da suna a gari da zai zube idan birkin da ya ɗaura ya ƙi kamawa. Wanda ya koya shi kaɗai a tsakar gida dole ya maimaita kurakuran nan ɗaya bayan ɗaya, tambayar kawai ita ce a jikin wa.

Saura maganar talauci, wadda ita ce mafi nauyi a wannan lokaci. Mutumin da ya rasa komai, kuɗin aiki ya gagare shi, shin sai ya ajiye mota ke nan? Ban ce haka ba. Sai dai abin da ya rasa ranar Juma'ar nan ba kuɗi ke sayensa ba. Gidan Usta bai fi taku hamsin daga namu ba. Da ya aika yaro ya ce Baba ya zo ya duba mini, da tsohon ya zo, kuma da kofin jabana ya ishe shi lada. Da ya tokare taya da dutse ya gwada birkin a cikin gida, ko kwabo ba zai kashe ba. Abin da ya hana shi, ya hana ni, shi ne daɗin da mutum ke ji idan ya ce ni na yi da kaina, ba wanda ya taimake ni. Daɗin halal ne, amma yana da saurin rikiɗa ya zama girman kai, kuma mai shi ba ya jin lokacin da ya rikiɗa. Mun ɗauka tambaya za ta rage wa aikin daraja, alhali Hausawa sun riga sun ce matambayi ba ya ɓata.

Ba kuma a mota kaɗai abin yake ba. Tun da yaƙi ya tarwatsa ma'aikata, kowa ya zama gwanin kansa. Akwai mai ja wa gidansa wayar lantarki daga batirin sola a gidan da iyali uku ke kwana. Akwai mai yi wa ɗansa allura don ya ga yadda ake yi a waya. Akwai mai zubar da baƙin man da ya juye a kwatar da yara ke wasa. Larura ce ta kawo da yawa daga ciki, ba na zargin kowa da mugunta. Amma kafin mutum ya sa hannu, yana da kyau ya tambayi kansa: in na kuskure, wa zai biya? In amsar ita ce ni kaɗai, bismillah, Allah Ya ba da sa'a. In kuwa akwai wani a ciki wanda bai san ana yi ba, to sai an nemo ido na biyu wanda ya san aikin, ko da mutum ya tabbata ya iya.

Ni ma ina da kaso a cikin laifin, kuma nawa ya fi faɗi. Na tsaya a gaban makirufo na yabi dogaro da kai ba tare da na faɗi iyakarsa ba, kuma ban san mutum nawa suka ji ni suka je suka kwance abin da bai kamata su kwance su kaɗai ba. Maganar rediyo ita ma mota ce da ake fitowa da ita cikin jama'a. Mako biyu bayan haka na gayyaci Usta cikin shirin, ya yi minti arba'in yana lissafa wa masu sauraro abin da kowa zai iya yi a gida da abin da sai an duba masa. Wayoyin da muka samu ranar sun fi na kowane shiri a watan, kuma yawancinsu direbobin raksha ne.

Dattawa sun yanke cewa ɗan kawuna zai biya kuɗin ɗori, ya sayi wani jaki, ya kuma biya abin da karon ke samarwa kullum har yaron ya warke, domin da shi uwarsa da ƙannensa ke ci. Sai da matarsa ta sayar da warwaronta na zinare aka cika kuɗin. Bai yi gardama ba, kuma na ga girmansa a nan fiye da duk ranakun da na riƙe masa tocila. Yaron ya koma bakin aikinsa bayan wata guda, har yanzu shi ke kawo mana ruwa.

Ɗan kawuna bai daina gyaran motarsa ba, ban kuma so ya daina ba. Har gobe shi ke yi mata juye, shi ke wanke fulogi. Sai dai duk ranar da aikin ya shafi birki ko sitiyari ko taya, bayan La'asar za ka ga an fito da kujera tsakar gida, an ɗora jabana a wuta. Usta yana zuwa ya zauna, ba ya taɓa komai, kallo kawai yake yi. In an gama sai ya miƙe da kyar, ya lanƙwasa tsohon bayansa ya shiga wannan 'yar motar da ya ce an yi ta ne don marasa gwiwa, ya taka birki sau biyar ko shida, sannan ya ce a buɗe ƙofa.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya kuma tsare mu daga cutar da bayinSa da hannunmu muna zaton gyara muke yi.